Fim ɗin Amy ya tuna mini da Ɗan Maraya

Na karanta labarinku kan fim ɗin tarihin Amy Winehouse, mawaƙiyar Ingila, wanda Asif Kapadia ya shirya a 2015. Na kalle shi, kuma wallahi sai da na zubar da hawaye. Yarinya mai baiwar murya, ta ci kyautar Grammy biyar a 2008, amma a 2011 giya ta yi ajalinta tana da shekara 27. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda masu ɗaukar hoto suka yi ta bin ta kamar ƙudaje, ana ganin tana lalacewa, kowa kuɗinsa yake nema.

Amma ni daga Jos nake rubutu, kuma ina kallo zuciyata na wurin Ɗan Maraya. A shekarar da fim ɗin ya fito Allah ya yi masa rasuwa. Mutum ɗaya da kuntiginsa ya zaga duniya! Ga makarantar koyon shirya fim a garinmu, ga tsofaffin Bukuru da suka san ƙuruciyarsa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Don Allah ɗalibai, ku ɗauki kyamara ku je ku same su.