Kwana 14 a Landan, Shekaru a Barikin Giwa

A Birtaniya, inda nake zaune, doka ba ta yarda 'yan sanda su riƙe wanda suke zargi da ta'addanci fiye da kwana 14 ba, sai dai su tuhume shi ko su sake shi. Ko waɗannan kwanakin ma ba a hannunsu suke gaba ɗaya ba, domin da zarar an cika awa 48 dole ne su je gaban alƙali su bayyana abin da ya sa suke neman ƙarin lokaci, lauyan wanda ake tsare da shi kuma yana da damar ja da su. A ofishin da aka ajiye shi akwai jami'in da ba ya cikin masu binciken, aikinsa shi ne rubuta sa'ar da aka shigo da mutum, da lokacin da aka ba shi abinci, da lokacin da ya ga lauya, da sa'ar da aka fitar da shi don yi masa tambayoyi. Wannan littafi shi ne abin da na fi yi wa ƙasarmu Najeriya sha'awarsa a duk tsarin.

Kada a ɗauka cewa tausayi ne ya sa gwamnatin Birtaniya ta tsaya a nan, domin ita ma ta nemi abin da kowace gwamnati ke nema idan ta tsorata. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka, majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba sakataren harkokin cikin gida ikon tsare baƙin da yake zargi da ta'addanci ba tare da tuhuma ba, kuma ba tare da ranar fita ba, matuƙar ba za a iya mayar da su ƙasashensu ba saboda tsoron za a azabtar da su a can. An kulle mutane, waɗanda ba su kai 20 ba, akasarinsu a gidan yarin Belmarsh da ke kudu maso gabashin Landan. Ranar 16 ga Disamba, 2004, alƙalai takwas cikin tara na kotun da ta fi kowace girma a ƙasar a lokacin suka yanke cewa dokar ta saɓa wa yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam, saboda ta wuce gona da iri, kuma ta ware baƙi alhali akwai 'yan ƙasa da ake yi wa irin wannan zargi. Ɗaya daga cikinsu, Lord Hoffmann, ya ce irin waɗannan dokoki sun fi ta'addancin kansa zama barazana ga rayuwar al'umma.

Abin lura shi ne, kotun ba ta da ikon soke dokar majalisa, iyakarta ta bayyana cewa ta saɓa wa yarjejeniyar. Da gwamnati ta so, da ta yi kunnen uwar shegu. Amma a Maris na 2005 ta bar wannan sashe ya mutu, ta maye gurbinsa da wani nau'in ɗaurin talala, inda ake ƙayyade wa mutum sa'o'in fita, a ɗaura masa na'ura a ƙafa, a hana shi waya da intanet. Bayan wata huɗu aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata motar bas a Landan, aka kashe mutum 52. Jini bai gama bushewa ba Firaminista Tony Blair ya nemi a ba 'yan sanda kwana 90, majalisa ta ƙi a watan Nuwamba da ƙuri'a 322 a kan 291, wanda shi ne kaye na farko da ya sha a zauren tun hawansa mulki a 1997. Aka daidaita a kan kwana 28. Magajinsa Gordon Brown ya nemi kwana 42 a 2008, majalisar dattawa ta yi watsi da buƙatar, a 2011 kuma aka koma 14.

Sun yi wannan taurin kai ne domin sun taɓa ɗanɗanawa a Arewacin Ailan. Ranar 9 ga Agusta, 1971, sojoji suka kama mutum 342 bisa jerin sunayen da ya tsufa, aka fara tsare mutane ba tare da shari'a ba, kusan dukkansu 'yan ɗarikar Katolika. Maimakon wutar ta lafa, sai ƙungiyar IRA mai yaƙar mulkin Birtaniya a yankin ta samu sababbin mayaƙa, 1972 ta zama shekarar da aka fi zubar da jini a duk tsawon rikicin. Tattakin da sojoji suka buɗe wa wuta a Derry ranar 30 ga Janairun shekarar, suka kashe mutum 13 nan take, na adawa da wannan tsarewa ne. Sai a Disamba na 1975 aka daina.

Ba ina wanke Turawa ba ne. Har yau Birtaniya ba ta sa wa tsare baƙin haure wa'adi a doka ba, kuma mu baƙi mun fi kowa sanin haka. Amurka kuwa ta kai mutum kusan 780 Guantanamo tun daga Janairun 2002, mafi yawansu ba a taɓa tuhumarsu ba, ciki har da Sami al-Hajj, ɗan Sudan mai ɗaukar hoto na Aljazeera da sai a 2008 aka sake shi, da Mohammed el Gharani, ɗan Chadi da aka kama yana yaro.

A takarda, Najeriya ba ta rasa komai ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ko da yake ya bar ƙofa a buɗe ga laifukan da hukuncinsu kisa ne. A zamanin mulkin soja kuwa akwai Dokar Soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba babban hafsan fadar mulkin soja ikon kulle mutum wata uku, ya sabunta yadda ya ga dama, babu kotun da za ta ce uffan. An soke ta a 1999, amma ruhinta ya dawo ta wata hanya. Dokar yaƙi da ta'addanci da aka yi wa gyara a 2013 ta ba kotu damar ba da umarnin tsare mutum kwana 90, ta 2022 ta rage zuwa 60, sai dai a dukkansu ana iya sabuntawa har a gama bincike da shari'a, kuma hukumar tsaro kaɗai ke zuwa gaban alƙali, ba tare da wanda ake tsare da shi ko lauyansa ba. Wa'adin da ake sabuntawa ba iyaka, ɗaurin sai baba-ta-gani ne da aka sa wa hatimin kotu.

Wannan ma ga wanda ya yi sa'a sunansa ya kai kotu ke nan. A Borno da Yobe, a shekarun da yaƙin Boko Haram ya yi tsanani, kame ne na kan mai uwa da wabi: a kewaye unguwa ko ƙauye, a zaunar da maza a ƙasa, wani da aka rufe wa fuska ya riƙa nuni da yatsa, duk wanda aka nuna a jefa shi mota. Rahoton Amnesty International na 2015 ya ce an kama mutum aƙalla 20,000, kuma fiye da 7,000 sun mutu a hannun sojoji tun daga Maris na 2011, saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso da azaba, da yawa a barikin Giwa da ke Maiduguri. Rundunar soji ta musanta. To, amma gwamnati da kanta ta ba da shaida a Oktoban 2017, lokacin da aka zaunar da kotu a barikin soja da ke Kainji don shari'ar mutum 1,669: a zaman farko an ɗaure 45, an sallami 468 saboda babu abin da za a tuhume su da shi. Da yawa daga cikin waɗannan sun riga sun shafe shekaru a kulle. Matan ƙungiyar Knifar, ta waɗanda sojoji suka kama wa mazaje, akasarinsu daga yankin Bama, sun yi shekaru suna roƙon a gaya musu ko mazajensu na raye, domin macen da ba ta sani ba, ba ta da halin yin takaba, ba a raba gado, 'ya'yanta kuma ba marayu ba ne balle a taimake su da wannan suna.

Da na faɗi wannan ra'ayi ga wani ƙanena da ke gida, sai ya ce: "Yaya, ku da kuke Turai kuna da bakin magana. Mu da muke kwana da takalmi a ƙafa, in an kama ɗan ta'adda kada ma a sake shi." Ban raina maganarsa ba. Birtaniya tana fama ne da mutane ƙalilan, tana da kyamarori a tituna da ɗakunan gwaji da 'yan sandan da ke da lokacin bin sawun mutum guda. Sojan da ya ƙwace gari daga hannun 'yan ta'adda ya tarar da ɗaruruwan maza, babu katin shaida, babu mai yarda ya tsaya shaida don tsoron a yanka shi da dare, ba zai iya tantance su cikin kwana 14 ba, kuma wanda ya ce zai iya bai san yaƙi ba. Na yarda ƙasar da ke cikin irin wannan hali tana buƙatar wa'adi mai tsawo. Amma wa'adi mai tsawo daban, rashin wa'adi daban. Kuma ƙanen nawa ya ɗauka cewa duk wanda aka kama ɗan ta'adda ne, alhali alƙaluman Kainji sun nuna waɗanda aka sallama sun ninka waɗanda aka ɗaure sau goma. Ƙauyen da aka kwashe wa maza babu bayani ba zai sake kai wa soja labarin sirri ba, labarin sirri kuwa shi ne abin da ake cin irin wannan yaƙi da shi.

Inda muka fi yin nisa da Birtaniya shi ne abin da ke biyo bayan maganar alƙali. A Disamba na 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole na babbar kotun tarayya da ke Abuja ya ba da umarnin a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45, gwamnati ta yi burus, suka ci gaba da zama a tsare har Yulin 2021, lokacin da babbar kotun jihar Kaduna ta wanke su. Sambo Dasuki, wanda shi ne mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a shekarun da Giwa ta cika ta batse, ya samu beli daga kotuna daban-daban da hukuncin kotun ECOWAS a 2016, amma sai ranar 24 ga Disamba, 2019 ya fito. Ba sai mutum ya yarda da aƙidar na farko ko ya wanke na biyu daga zargin kuɗin makamai ba kafin ya ga haɗarin da ke cikin wannan. A taron lauyoyi na Agustan 2018 Shugaba Buhari ya fito fili ya ce bin doka yana ƙarƙashin tsaron ƙasa ne, shi da aka tsare daga 1985 zuwa 1988 ba tare da shari'a ba. A Nijar ma kotun ECOWAS ta ce a saki hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum a Disamba na 2023, sojoji ba su saurare ta ba.

Saboda haka ba kwana 14 nake nema wa Najeriya ba. Majalisar tarayya za ta iya gyara dokar 2022 ta ƙayyade sau nawa za a sabunta umarnin tsarewa, ta wajabta kawo mutumin da lauyansa gaban alƙali a kowace sabuntawa, ta tilasta wa kowane bariki da kowane ofishin DSS ajiye rajistar sunaye da iyalai da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa za su iya dubawa, sannan ta sa hukunci a kan jami'in da ya ƙi bin umarnin kotu, shi da kansa, ba ofishinsa ba. Sanatoci da 'yan majalisar wakilai na Borno da Yobe da Zamfara da Katsina, waɗanda mutanensu ne ke cika waɗannan ɗakuna, su ya kamata su fara gabatar da ƙudirin.