Yaron da ke tsoron bulala ba ya kawo ƙara

A makarantun firamare na Ingila, inda nake zaune da iyalina, ana koya wa yaro yadda zai kare kansa a intanet tun kafin ya mallaki waya, domin tun shekarar 2014 wannan darasi yake cikin manhajar koyar da kwamfuta. Abin da ake nanata masa bai taka kara ya karya ba: kada ya faɗa wa baƙo sunan makarantarsu ko unguwarsu, kada ya tura hotonsa ga wanda bai taɓa gani ido da ido ba, kuma duk abin da ya tayar masa da hankali ya sanar da wani babba da ya amince da shi. Gwamnati ta ƙara da dokar tsaron intanet ta 2023, wadda Ofcom, hukumar kula da harkokin sadarwa ta ƙasar, ke sa ido a kanta, kuma tun watan Yulin 2025 ya zama tilas shafukan batsa su tantance shekarun mai shiga.

Ba na cikin masu ganin komai na Turawa ya fi namu. A nan yaro yakan rufe ƙofar ɗakinsa, daga shi sai waya har dare ya raba, alhali a Kano ko Zariya waya ɗaya takan zaga hannun uwa da yaya da ƙane, a tsakar gida ake kallonta, ga data ma ba ta daɗewa take ƙarewa. Wannan kariya ce, ko da ba da niyya aka yi ta ba, sai dai tana raguwa yayin da kowane yaro ke samun tasa.

Inda suka sha gabanmu shi ne abin da ke biyo baya idan ɓarna ta auku. Mu dai maganinmu biyu ne, a ƙwace waya, a ɗauko bulala. Mai yaudarar yara kuwa da wannan tsoron yake cin kasuwarsa. Yakan fara da gaisuwa da yabo, ya aiko da katin waya, ya nemi hoto, sannan ya juya ya ce idan ba a ƙaro wani ba ko ba a turo kuɗi ba, zai watsa na farko a zauren WhatsApp na dangi. Yarinya 'yar shekara 14 sai ta auna fushin mahaifinta da barazanar baƙon, ta ga ta baƙon ta fi sauƙi, ta yi gum da bakinta. Kunyar da muka raine ta da ita, wadda abin alfahari ce a wurinta, ita ce igiyar da aka ɗaure ta da ita. Kuma kada a ce abin na nesa ne: a watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da cewa ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara. A Ingila yaron da ya kasa tunkarar iyayensa yana da lambar Childline, layin taimakon yara, da zai kira kyauta, ba tare da an fara da zaginsa ba.

Akwai kuma matsalar da ba mu cika faɗa ba. Facebook da TikTok sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, amma a gidaje da yawa yaron ne ke saita wa iyayensa waya, shi ya san lambar sirri, shi ke karanta musu saƙo. Wa zai sa wa wani ido?

A ganina, wurin da ya dace da wannan darasi a ƙasar Hausa shi ne Islamiyya, inda iyaye suka riga suka yarda da malami kuma yara mata ke halarta da yawa. Malamar da ke karantar da tsarki da haila ba tare da ɓoye-ɓoye ba za ta iya bayyana wa ɗalibanta yadda mayaudari ke jan zarensa, ta kuma yi musu alƙawarin cewa duk wadda ta zo mata da irin wannan magana, ita za ta raka ta gaban iyayenta.