Wai hoton bogi ne!

Mai bidiyon nan da kuke ta turawa a gurup-gurup na Sakkwato, wai hoton da madubin hangen sararin samaniya na James Webb ya ɗauka na bogi ne tunda hasken da ke ciki ya lanƙwashe, sannu da ƙoƙari. Daga gindin dogonyaro, da waya a hannu, Malam ya bankaɗo abin da ya shige wa masana duniya duhu. Allah ya ƙara basira!

Jama'a, lanƙwasar nan ita ce hujjar. Hoton da aka fitar a Yulin 2022 na wani dandazon tarin taurari ne da ake kira SMACS 0723, haskensa ya yi shekara wajen biliyan 4.6 a hanya kafin ya iso. Nauyinsa ya kai inda idan hasken abin da ke bayansa ya zo wucewa, dole ya karkace. Ɗaga kofin shayi na gilashi ka leƙi fitila ta gindinsa, za ka ga ta miƙe, ta baje, har ta rabu biyu. To, haka ne. Lanƙwasar da kake wa dariya, ita ake nema.

Kada wani ya ce mini "ai Turawa ne suka faɗa". A nan maƙwabtanmu, tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini, masanin taurari Eddington ya auna karkacewar hasken taurari lokacin husufin rana na 1919, ya gaskata lissafin Einstein. Wace kwamfuta ce ta yi gyaran hoto a 1919?

Wanda ya fi tsaya mini a rai ma shi ne na 2014. Madubin hangen sararin samaniya na Hubble ya hango fashewar tauraro guda, amma a wuri huɗu, don wani dandazon ya raba haskenta hanya-hanya. Masana suka auna nauyin, suka ce za a sake ganin fashewar nan a wani gefe, tunda wata hanyar ta fi tsawo. Disambar 2015 sai ga ta, a inda suka nuna. Tsakani da Allah, ranar da na fahimci wannan sai da tsigar jikina ta tashi. Subhanallahi.

Masu cewa "mi za ya ƙara muna", ban da lokacinku yau.

Af, wanda ya ɗauke mini caja a majalisa daren Talata, na san ka, kuma kana cikin masu tura bidiyon.