Almakashin Indiya na da kaifi a kan fim, amma ya dakushe a kan talla

Shekarun baya na raka wani yayana jinya birnin Delhi, muka kama ɗaki kusa da asibitin da ake duba shi. Da yake mai jinya ba shi da abin yi da daddare sai zaman jira, akwatin talabijin ɗin da ke maƙale a bango ya zame mini abokin hira, kuma a nan na fara ganin yadda tashoshin fina-finan harshen Hindi suke a gidansu. Da zarar jarumi ko bos ya kai sigari bakinsa, sai wani ɗan rubutu ya fito a ƙasan allo yana gargaɗi kan illar shan taba. Wani lokaci ka ga leɓen ɗan wasa yana motsi amma an ɗauke sautin kalma guda, wani lokaci kuma waƙa tana tsakiyar mamulashe sai ta yi tsalle ta dira a ƙarshe. Wannan bai dame ni ba kamar yadda talla ta dame ni, domin fim ɗin da na fara kallo bayan sallar isha'i, wanda na san tsawonsa bai kai awa uku ba, bai ƙare ba sai da dare ya raba, bayan an tallata mini man gashi da garin wanki da taliyar yara har na haddace waƙoƙinsu.

Daga baya na gane cewa abubuwan nan biyu duk akwai doka a kansu. Yankan fim doka ce ta umarta, kuma ana bin ta sau da ƙafa. Yawan talla kuwa doka ce ta hana, amma an bar ta tana barci. Ra'ayina shi ne tsarin ba da lasisi da sa ido da Indiya ta gina a kan waɗannan tashoshi ya tara ƙarfinsa ne a wuraren da ke kare hukuma daga abin kunya, ya yi sako-sako a wuraren da ke kare lokaci da aljihun mai kallo.

Asalin matsalar shi ne tashoshin sun riga dokar zuwa. Har farkon shekarun 1990 tashar gwamnati, Doordarshan, ita kaɗai ke da fili. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya sa mutane suka fara neman tashoshin waje ta tauraron ɗan'adam, sai masu dabara a unguwanni suka kafa faranti ɗaya a kan soro suna jan waya gida-gida suna karɓar kuɗin wata. A 1992 Zee TV ta fara watsa shirye-shirye da Hindi, amma daga Hong Kong take harba su, saboda a lokacin ba a yarda kamfani mai zaman kansa ya harba daga cikin Indiya ba. A 1995 aka buɗe Zee Cinema, a shekarar ce majalisa ta zartar da dokar kula da tashoshin kebul, kuma a shekarar ce Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso kan nuna wasan kurket, ta yanke cewa hanyoyin watsa shirye-shirye ta iska dukiyar jama'a ne, ta kuma nemi a kafa hukuma mai cin gashin kanta da za ta kula da su. Tashar Max ta kamfanin Sony ta biyo baya a 1999, Star Gold a 2000, amma hukumar da kotu ta nema ba ta zo ba. An kai ƙudurin doka a 1997 ya mutu a majalisa, an fitar da wani daftari a 2023, aka sake masa fasali a 2024, sannan aka janye shi bayan an yi masa ca. Sakamakon haka har yau Ma'aikatar Yaɗa Labarai, wadda minista ɗan siyasa ke jagoranta, ita ce mai ba da izini, ita ce mai sa ido, ita ce kuma mai hukunci a kan tashoshi wajen 900.

Sharuɗɗan shiga ba na wasa ba ne. A ƙarƙashin ƙa'idojin da aka sabunta a 2022, kamfanin da ke son buɗe tashar da ba ta labarai ba, irin ta fina-finai, sai ya nuna yana da dukiyar da ta kai rufi miliyan 50 a kuɗin Indiya domin tashar farko, da ƙarin miliyan 25 kan kowace tasha bayan ta, yayin da tashar labarai ke buƙatar miliyan 200. Izinin na shekara 10 ne, kuma ba a bayar da shi sai Ma'aikatar Cikin Gida ta tantance kamfanin da daraktocinsa ta fuskar tsaro, sashen kula da sararin samaniya kuma ya amince da tauraron da za a yi amfani da shi. Ba ni da ja a kan sharaɗin dukiya, domin wanda zai sayi haƙƙin nuna fina-finai ya kuma biya ma'aikata dole a ga yana da abin hannu. Tantancewar tsaro ce abin dubawa, saboda ana iya hana ta ba tare da an faɗi dalili ba. Haka aka yi wa MediaOne, tashar labarai ta harshen Malayalam, aka rufe ta a 2022 bisa dalilan da aka miƙa wa kotu a rufaffiyar ambulan, har sai da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a Afrilun 2023. Wani zai ce ina ruwan tashar rawa da waƙa da wannan, amma manyan tashoshin fina-finai kusan duk mallakar kamfanoni ne masu tarin wasu tashoshi, kuma wanda ya san ana iya ɗaure masa kaza saboda laifin akuya ba zai so ya ɓata wa mai ba da izini rai ba ko a kan mene ne.

Batun almakashi kuwa ya samo asali ne daga dokar fina-finai ta 1952, wadda ta kafa hukumar tace fina-finai ta ƙasa. Hukumar na ba fim shaidar U idan kowa zai iya kallo, UA idan yara na buƙatar kulawar iyaye, da A idan na manya ne kaɗai. Ƙa'idar shirye-shiryen kebul ta hana nuna abin da bai dace da kowa da kowa ba, don haka fim mai shaidar A ba ya hawa talabijin sai an mayar da shi gaban hukumar an datse shi an sauya masa shaida. An daɗe ana yi wa wannan ƙa'ida riƙon sakainar kashi, har wata malamar kwaleji ta kai ƙara babbar kotun Bombay, kotun ta tsananta a 2005, a 2006 kuma 'yan sanda suka kai samame ofisoshin masu kebul a Mumbai, allunan tashoshin fina-finai suka yi baƙi na ɗan lokaci.

Mu da muka taso a gidajen da idan wani wuri ya zo a fim sai yaro ya tashi ya fita kamar an aike shi, mun san dalilin wannan doka, kuma ba na cikin masu yi mata dariya. Akwatin talabijin a tsakar gida yake, kaka da jika suna gabansa, ba kamar silima ba inda mutum ya yanki tikiti da ƙafarsa ya shiga. Abin da na ƙi shi ne rashin tsayayyen ma'auni. A Ingila an tsayar da ƙarfe tara na dare a matsayin iyaka, kafin lokacin ana kiyaye yara, bayansa alhaki ya koma kan iyaye. Indiya ba ta yarda da irin wannan iyaka ga fim mai shaidar A ba, kuma ko wanda aka datse ba shi da tabbas. A Afrilun 2012 Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta dakatar da Sony daga nuna wani shahararren fim ana dab da sa shi, alhali an yanke masa sama da wuri hamsin kuma hukumar tacewa ta ba shi shaidar UA. Idan takardar hukumar da gwamnati ta kafa da kanta ba za ta kare tasha daga wayar ma'aikata ba, to mai tasha zai koyi darasi ɗaya, wato ya yanke fiye da abin da aka ce, ya toshe har kalmar da ba ta da aibu, don a zauna lafiya. Fim ɗin da ya isa ga mai kallo sai ya zama kamar rigar da tela ya yi ta ragewa don gudun faɗan mai ita.

Sai a kwatanta wannan zafin nama da abin da ya faru da talla. Tun 2006 ƙa'idojin kebul suka ce kada talla ta wuce minti 12 a cikin awa ɗaya, 10 na kasuwanci, 2 na tallata shirye-shiryen tashar kanta. Hukumar TRAI mai kula da sadarwa, wadda aka ƙara mata da harkar watsa shirye-shirye a 2004, ta yunƙura a 2013 za ta tilasta bin wannan iyaka. Tashoshin labarai da wasu na waƙoƙi da fina-finai suka garzaya kotu suna kukan cewa da talla suke rayuwa, kuma a Disambar 2013 babbar kotun Delhi ta hana hukumar ɗaukar mataki a kansu har sai an gama shari'a. Shari'ar ta shafe shekaru a haka, hukumar ta koma fitar da jerin sunayen tashoshin da ke wuce gona da iri, abin da bai taɓa hana kowa barci ba. Wasu manyan kamfanoni sun rage tallar don kansu suka ƙara farashinta, amma doka ba ta da haƙoran da za ta ciji wanda ya ƙi.

Hujjar masu tashoshi ba ta banza ba ce, kuma adalci ne a saurare ta. Haƙƙin nuna sabon fim na babban jarumi yana cin kuɗi mai yawa, TRAI kuma ta sa hannu a farashin da za su caji mai kallo. Tsarin da ya fara aiki a 2019 ya ce tashar da kuɗinta ya wuce rufi 19 a wata ba za a haɗa ta cikin ƙunshin tashoshi ba, a 2020 aka saukar da iyakar zuwa 12, kamfanoni suka yi tirjiya, a 2022 aka mayar da ita 19. Suna cewa an ɗaure musu hannu ɗaya a farashi, yaya za a ɗaure ɗayan a talla. Amsar ita ce wanda ya biya kuɗin wata ya riga ya biya, bai kamata a sake karɓar wani kuɗin daga lokacinsa ba tare da iyaka ba. Talaka ma ya fi shan wahalar, domin miliyoyin gidajen karkara a jihohin da ake jin Hindi suna kallo ne ta DD Free Dish, farantin kyauta na gwamnati da aka fara a 2004, inda tashoshi ke sayen gurbi ta hanyar gwanjo. Tashar da ta zuba kuɗi a gwanjo, kuma ba ta karɓar ko anini daga mai kallo, ba ta da inda za ta mayar da kuɗinta sai talla, wanda ke nufin gwamnatin da ta rubuta iyakar minti 12 tana cin riba daga tsarin da ke tura tashoshi su ƙetare ta.

Ƙa'idojin 2022 sun ƙaro wani nauyi, cewa tashoshi su ware minti 30 a rana ga batutuwan amfanin jama'a kamar ilimi, noma, lafiya da walwalar mata. Niyyar mai kyau ce, sai dai tun kafin a fara aka sassauta, aka ce ana iya gutsuttsura lokacin muddin ba tsakanin sha biyun dare da shidan safe ba, tashar kuma ita za ta ba da shaida a kan kanta.

Duk wannan kuma ana yin sa ne a kan akwatin da matasa ke guje wa. Fim ɗin da aka datse don talabijin yana nan cikakke a manhajojin kallo ta intanet, waɗanda ba sa buƙatar wannan lasisi, ƙa'idojin 2021 sun bar musu rarraba finafinansu gwargwadon shekarun masu kallo da kansu. Mu ma a nan abin ya shafe mu, tunda soyayyarmu da fim ɗin Indiya ta girmi yawancinmu, tun zamanin da ake cika silimun Kano irin su Plaza da Orion. Abin da ke zuwa ta DStv ko StarTimes yana da kamfani a Najeriya da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin za ta iya kira, amma MBC Bollywood da makamantanta da ake kamawa kyauta daga taurarin ƙasashen Larabawa ba su nemi izinin Abuja ba, kuma ba Delhi ce ke iko da su ba. Indiya-Hausa da ake tura wa yara a waya a bakin kasuwa ba ta da tabbacin ta bi ta gaban hukumar tace fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001. Masu kira a kwaikwayi tsaurin Indiya su lura cewa ita kanta tsaurin nata a kan talabijin ya tsaya.

Gyaran da Indiya ke buƙata bai kai girman sabuwar dokar da ta gagare ta ba. Ikon ba da lasisi da soke shi ya kamata ya bar teburin minista ya koma hukumar da kotu ta nema tun 1995, shaidar hukumar tacewa ta zama magana ta ƙarshe da sa'o'in da aka tsayar a fili, sannan a sa yawan talla cikin abubuwan da ake dubawa idan tasha ta zo sabunta izininta bayan shekara 10. Kayan aikin ma suna nan, domin tun 2008 ma'aikatar ke da cibiyar da ke naɗar shirye-shiryen ɗaruruwan tashoshi dare da rana don kama masu saɓa ƙa'ida, kuma na'urar da ke iya gano kalmar da aka manta ba a toshe ba za ta iya ƙirga mintunan da aka sayar wa masu sabulu a cikin awa ɗaya.