Kafin ka sa hannu a kan maganar killace manhaja, je ka gwada ta a reshenka mafi raunin netwok

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu kamfanoni da abokan aikina masu kula da kwamfutocin ofisoshi a Kaduna. Tun da Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, masu tallar kayan fasaha suka samu abin faɗa. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ke ofisoshinmu ba su da TPM 2.0, wato ɗan kayan tsaro na cikin kwamfuta da Windows 11 ke nema, don haka sai a ce wa mai kamfani: kada ka sayi sababbi, a killace maka manhajojinka, wato abin da suke kira bacuwalaizeshan. Ni aikina ke nan, kuma ina son fasahar. Amma raina yana ɓaci idan na ga an sayar wa mutum ita a dunƙule, ba a faɗa masa inda ƙarfinta ya tsaya ba.

Abubuwa biyu ne ake haɗawa a suna ɗaya, kuma daga nan ruɗanin ke farawa. Na farko, a ɗauki manhaja da fayilolinta da saitinta a naɗe su ƙunshi guda. A kan kwamfutarka take aiki, amma ba ta warwatsa kayanta cikin Windows, ba ta taɓa rajistar Windows, wato ma'ajiyar saiti da sauran manhajoji ke amfani da ita. Kamar kular abinci ce, kowacce da murfinta, miyar wannan ba ta zuba cikin ta wancan. Haka App-V ke yi, wanda Microsoft ta samu da ta sayi kamfanin Softricity a 2006, haka ma ThinApp da VMware ta saya a 2008 lokacin ana kiransa Thinstall. Na biyu kuwa, manhajar ba ta kan kwamfutarka sam. Tana can kan saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita ta netwok, hotonta kawai ake aiko maka, kai kuma abin da ka danna ake mayarwa can. Wannan ne aikin Citrix, da RemoteApp da ya zo tare da Windows Server 2008.

Amfanin ba ƙarya ba ne. Duk wanda ya taɓa riƙe ofis mai kwamfuta talatin ya san wahalar zagayawa da filashi tebur-tebur don sabunta manhaja guda. Idan an killace ta, wuri ɗaya za a gyara, gobe da safe kowa ya buɗe ya tarar da sabuwa, idan kuma sabuwar ta zo da matsala a mayar da tsohuwar kafin a gama shan shayi. Akwai ofisoshin da manhajar lissafinsu ke neman tsohon Java (manhajar da wasu manhajoji ke dogara da ita kafin su tashi), ta biyan albashi kuma ke neman sabo, in ka sa ɗaya ɗayar ta ƙi tashi. Killacewa na raba wannan faɗa cikin sauƙi. Sabon ma'aikaci ya zo, a ba shi izini, manhajojinsa su bayyana. Wanda ya bar aiki a rufe nasa nan take. Ga kuma abin da ya fi muhimmanci a wurina: a salo na biyu, idan aka sace laftof a cikin a-daidaita ko a tashar Kawo, ƙarfe kawai aka sace, bayanan kwastomomi suna kan saba. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanai ta Najeriya a Yunin 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga asibiti ko makaranta ko bankin ƙananan basussuka.

To amma ku zo mu tsaya a bayan mai karɓar kuɗi. Wani kamfanin sarin kayan masarufi da na yi wa aiki, babban ofishinsa a cikin gari, da rassa a Zariya da Kafanchan, an riga an mayar masa da manhajar sayar da kaya kan saba kafin a kira ni. A babban ofis abin gwanin sha'awa. A reshe kuwa na tsaya ina kallon yarinyar da ke kan kanta: ta rubuta adadin katan, allon ya yi shiru, ta sake dannawa tana zaton bai shiga ba, sai lambobin su faɗo gaba ɗaya, biyar ta zama hamsin da biyar. Ta goge, ta sake. Dillalai sun yi layi, direban mota yana ta hon a waje, ƙarshe ta jawo littafin rasit ta koma biro. Da na kira mai kamfanin ya ce, "Malam, ai an ce min ko a waya za ta yi aiki." Na ce, "Ranka ya daɗe, za ta yi, in layin ya tsaya da ƙafarsa." Wannan salon ba ya cin data da yawa, abin da ba ya jurewa shi ne jinkiri da yankewa. Mu kuwa nan aikin titi ɗaya ya isa ya tsinke wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, a wuni babu sabis. Mun kuma ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga wani hali. Wanda sabarsa ke Turai ranar ya ji a jikinsa.

Idan ka ce to a ajiye sabar a nan Kaduna, sai maganar wuta ta taso. Da, kwamfuta ɗaya ta mutu, mutum ɗaya ne ya zauna. Yanzu saba ta mutu, kamfani ne ya zauna. Dole ta samu wuta dare da rana, da inbata, da na'urar sanyaya ɗaki musamman a zafin Maris da Afrilu, da wata saba ta biyu mai jiran ko-ta-kwana. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wuta na rukunin A naira 225 kowane yunit, dizal kuwa kowa ya san labarinsa. Ban cika ganin waɗannan a takardar farashin masu talla ba.

Sannan ba kowace manhaja ke yarda a killace ta ba. Duk wadda ke buƙatar direba, wato ƙaramar manhajar da ke shiga can cikin Windows ta haɗa shi da na'ura, kamar ta kashe bairos, ko ta na'urar ɗaukar zanen yatsa, ko wadda lasisinta ke cikin ɗan maɓallin USB, sai dai a sa direban daban a kan kowace kwamfuta, wani lokaci ma a haƙura. Firintar rasit da sikana su ne suka fi ba mu ciwon kai a salo na biyu, na nesa. Kuma kada wani ya ce maka killacewa riga-kafi ce. An yi ta ne don raba manhajoji da juna, ba don tare ɓarayin intanet ba. Tsohuwar manhaja mai kafar da ɓarayi ke shiga, ko an naɗe ta, kafarta na nan.

Kuɗi kuma da dala ake lissafa su. Bayan lasisin manhajar kanta, salon RemoteApp na neman lasisin Windows Server da wani lasisin na kowane ma'aikaci ko kowace na'ura da za ta shiga. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a farkon 2024 ta haura 1,500. Masu kayan ma ba sa zama wuri ɗaya. Kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware a Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na haya, sashen da ke riƙe da ThinApp kuma aka sayar da shi ya zama Omnissa a 2024. Microsoft ita ma ta fi karkata ga sabon tsarinta na naɗe manhaja mai suna MSIX. Idan duk harkarka ta rataya a kan ɗayansu, shawarar da aka yanke a Amurka za ta same ka a Kakuri. Bari in ƙara da wata gaskiya mai ɗaci: ofishin da ke amfani da manhajar sata kada ma ya fara, domin killacewa ba ta halatta ta, tara laifin kawai take yi wuri guda.

Abin da muka yi wa wancan kamfanin ba wani abin mamaki ba ne. Mun zauna da akawu da masu kanta muka rubuta kowace manhaja da wanda ke taɓa ta. Ta lissafi da ta albashi muka bar su kan saba, tunda a babban ofis ake aikinsu kuma bayanansu ne ba a so su yi yawo. Ta sayar da kaya muka dawo da ita kan kwamfutocin rassa, tana aiki ko babu netwok, tana tura lissafi idan layi ya dawo. Wata tsohuwa da ke rigima da sauran ita kaɗai muka naɗe.

Roƙona ga iyayenmu masu kamfanoni: duk wanda ya kawo muku wannan tayi, ku ce a gwada a reshenku mafi raunin sabis, ranar da ciniki ya fi yawa, da firintarku ta kullum. Ku nemi a rubuta muku kuɗin shekara uku da naira, har da na wuta. Ku kuma sa a cikin yarjejeniya cewa za a koya wa yaronku na ofis yadda ake naɗe manhaja da yadda ake tayar da saba idan ta faɗi, don kada aiki ya tsaya ana jiran wani ya taso daga Legas ko Abuja.