Ku daina liƙa hanyar log ido rufe

'Yan'uwana matasa masu haɗa wa mutane shafukan intanet, yau magana ta da ku ce, kuma raina a ɓace yake. Shekaranjiya wani ƙanena a wannan sana'a ya nuna min rahoton AWStats na shafin wani ɗan kasuwa, wato manhajar da ke ƙirga baƙin shafi daga log, fayil ɗin da saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ke rubuta kowace ziyara a ciki. Wata guda cur, babu baƙo ko ɗaya. Har ya riga ya gaya wa mai shafin wai tallarsa ce ba ta shiga. Da na buɗe fayil ɗin saitin, sai ga layin LogFile yana nuna /var/log/httpd/access_log, alhali sabar Ubuntu ce. Waccan hanyar ta dangin Red Hat ce, wani nau'in Linux daban. A Ubuntu da Debian, Apache, manhajar da ke miƙa wa baƙi shafin, na rubuta nasa a /var/log/apache2/access.log. Daga wani bidiyo ya kwafo, ya liƙa, ya kama gabansa. Manhajar kuwa kullum tana kukan ba ta ga fayil ba, babu mai karantawa.

Haba jama'a! AWStats da ire-irenta Webalizer da GoAccess ba su san gaibu ba. Abin da sabar ta rubuta suke karantawa, a inda ka nuna musu. Ka nuna musu kango, su kawo maka sifili. Gani ya kori ji, amma ku kun fi yarda da bakin wani baƙo a YouTube a kan idonku.

Kuma ba ƙanen nan nawa kaɗai ba ne. Wani Nginx, takwarar Apache, ke karɓar baƙinsa, log ɗin na /var/log/nginx, shi kuwa yana can yana tonon na Apache. Wani shafuka da yawa ya ɗora a saba ɗaya, bai ba kowanne layin CustomLog nasa da zai ware masa log ba, duk suka zube a other_vhosts_access.log, ya kwashi baƙin mai sayar da atamfa ya lissafa wa makaranta. Wani ya dace da hanyar amma ya kwafo LogFormat=4, layin da ke faɗa wa AWStats tsarin rubutun log, sabarsa kuma tsarin combined take rubutawa, wanda lambarsa 1 ce. Duk ciwon ɗaya ne, kwafa ba tare da dubawa ba. Ga logrotate, mai juya tsofaffin log, can yana mayar da fayil ɗin access.log.1 yana buɗe sabo, duk abin da ba a karanta ba kafin juyawar ya wuce lissafi, kai ba ka ma san da zamansa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, idan manhajar ta ce ba ta da izinin karantawa, sai yaro ya koma intanet ya sake kwafo chmod 777, umarnin da ke buɗe wa kowa fayil ya karanta ya rubuta. Garin neman gira a rasa ido. Na ma ga wanda ya kwashe log ya zuba cikin public_html, folda da kowa ke iya shiga ta intanet, don ya huta, adireshin IP na mutane a fili, kowa ya ɗauka. Nijeriya fa tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Amma je ka duba shafinsa na Facebook, "Injiniya" ya rubuta gaban sunansa, har da hoton kwamfuta biyu.

Ku nutsu, ƙannena. Ku riƙa duba sabarku, ku riƙa tambaya, matambayi ba ya ɓata.

A da, lokacin da intanet sai a kafe kuma da awa ake saye, mutum zai buga littafin bayanin Apache a takarda ya kwana yana bi da biro. Ba ka isa ka ce ka gama aiki ba sai ka buɗe tail -f mai nuna log kai tsaye, ka shiga shafin, ka ga layinka ya fito da idonka. Manyanmu ma ba sa barinka ka taɓa saba sai ka faɗi inda kowane fayil yake da ka. Yanzu data ta yi araha, bayani ya cika ko'ina, karatun ne aka daina. Kuɗin aiki kuwa tun kafin a fara ake karɓe shi.