Ba duk tiyatar jijiyoyin maraina ce ɗaya ba

Allah ya saka wa waɗanda suka taɓo maganar kumburin jijiyoyin maraina da alheri, amma cewar da suka yi duk tiyatarsa ɗaya ce, ban yarda ba. Manufar dai ɗaya ce, a ɗaure jijiyoyin da jini ke kwanciya a ciki, yawanci ta hagu. Akwai yanka a ƙasan mara, akwai ta ƙananan huji da kyamara, wadda sai an sa mutum barci gaba ɗaya. Wadda ta fi ita ce ta madubin ƙara girma, domin likita yana ganin jijiyar da ke kai wa maraina jini da siraran hanyoyin ruwa, ya kauce musu. In aka ɗaure hanyoyin ruwan nan ne gwaiwa ke biyo baya. Da hanyar madubin, ciwon ma bai cika dawowa ba.

'Yan uwana maza a Kano, wannan kumburi kan hana namiji haihuwa, don haka mu daina ɗora wa mata laifin rashin haihuwa, muna bin masu magani da lasifika a bakin kasuwa. A je Asibitin Malam Aminu Kano a ga likitan mafitsara, a tambaye shi wacce hanya zai bi. Gwajin maniyyi kuma sai bayan wata 3 da aikin.